Hannun Daman Habila

Habila taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma tun da nake ban ga mai ɓoyayyen taurin kai irinsa ba. Mai taurin kai na sarari sai ku yi faɗa ku rabu, kowa ya huta. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce maka "to," ka tafi kana murna ka shawo kansa, kashegari ka tarar ya yi abin da ya ga dama. Ina kiransa bawana, kamar yadda ɗan namiji ke kiran ɗan mace, shi kuma yana ce mini Sulemanu sarkin baki. Duk mu biyun ba mu yi ƙarya ba.

A wani ƙauye na ƙasar Gozaki aka haife mu. Ubansa ya bi 'yan mishan tun muna ƙanana, ubana kuwa Musulmi ne, amma katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, ita ma ta zube ba wanda ya damu ya tayar. Ni na gudu daga noma na koyi tuƙin babbar mota. Shi ya zauna, don noma ya karɓe shi. In aka yi gayya shi ake sa wa a kunyar farko, sauran maza su yi ta haki a bayansa. Ba dogo ba ne, ba kuma ƙato ba, ƙarfinsa duk a damtse yake. Ya auri Rahab, mace mai faɗa kamar ni, suka haifi Judith da ƙannenta.

Shekarar babban fari, da dawa ta ƙone a gona, ya shiga aikin rani a kamfanin da nake yi wa dakon auduga. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ya daɗe da rushewa. Ofishinsa a Funtua yake, yana sayen auduga a kasuwannin ƙauye, mu kuma muna kwasowa zuwa gidan gurza. Aikin Habila a gindin sikeli yake. Manomi ya kawo ƙunshinsa, malamin auduga ya sa hannu ya duba ya yanke mata lamba, Habila ya ɗaga ya rataya, a auna, ya sauke, ya juye, a ɗura a buhu. Haka yake yi kowane rani har ya fi sikelin sanin nauyi. Shekara da shekaru, amma a wurin kamfani sunansa bai wuce leburan rani ba.

Abin ya faru ne a farkon shekarun tamanin, ranar kasuwa, da hantsi, ina tsaye ana yi mini lodi. Aƙilu ne ya kawo audugarsa. Maƙwabcin Habila ne a gona, iyaka ɗaya ce tsakaninsu. Ba mugun mutum ba ne, amma zuciyarsa a kusa take. Ruwan ƙarshen damina ya taɓa masa audugar ta yi jaja-jaja. Malamin ya cusa hannu, ya zaro, ya ce lamba uku, mafi ƙarancin kuɗi. Aƙilu ya roƙa a sake dubawa daga ƙasa. Da malamin ya yi shiru da bakinsa, da an wuce wurin. Sai ya yi dariya ya ce wannan ko akumarin jaki ba za a cusa da ita ba, a gaban mutane. Aƙilu ya sauko da gatarin da ke kafaɗarsa ya kai wa malamin sara a ka. Habila ne kusa, ya miƙa hannun dama ya tare.

Ban ji ya yi ihu ba. Zama ya yi a kan buhu yana kallon hannun. Malamin auduga kuwa tuni ya kai bakin titi, ko takalmi babu.

Na ɗaure masa damtse da rawanin wani tsoho, muka sa shi gaban mota, na kai shi asibitin Malumfashi. Likita ya tsayar da jini, ya wanke, ya ɗinke abin da zai ɗinku. Sa'an nan ya kira ni gefe ya ce ƙashin ya farfashe, jijiyoyi sun tsinke, wannan aikin babban asibiti ne a Zariya, inda za a yi tiyata a sa ƙarfe. Ya ce hannun zai iya tsira, amma ba abin jira ba ne. Tunda ma'aikacin kamfani ne, in je in gaya musu su kawo mota su kuma ɗauki nauyin aikin, haka ake yi. 'Yan sanda sun riga sun kama Aƙilu. Na tafi Funtua da kayana da wannan saƙo, na tarar manaja ya yi tafiya, na bar wa akawu. Da na san abin da za a yi a bayana, da a ƙofar ɗakin zan shimfiɗa tabarma.

A wurinmu, in abu ya shiga tsakanin maƙwabta, dattawa ba sa bari ya daɗe a hannun hukuma. Da zafinsa ake zuwa ban haƙuri, tun jini bai bushe ba, don in aka yi jinkiri sai a ce an raina wanda aka cuta. Al'ada ce mai kyau, ta raba faɗa da yawa, ban musa ba. Amma ba a yi ta da sanin akwai wani abu wai shi inshora ba.

Rahab ce ta ba ni labari da na dawo kashegari da la'asar. Mai unguwa Mati ya zo da dattawa, har da mai bisharar cocin su Habila, suka taho da uwar Aƙilu, Tsohuwa. Tun daga ƙofar ɗakin marasa lafiya matar nan ta zube, ta rarrafo a kan gwiwa har bakin gado, ta kama ƙafar Habila da hannu biyu. Matar da ya ci tuwonta yana yaro, matar da ta yi wa uwarsa wankan jego. Shi kuma ga zafin ciwo ga nauyin allura.

"Tashi, Inna," ya ce.

Ta ƙi tashi. Ta ce ɗanta ɗaya ke nan namiji, in aka ɗaure shi ba za ta kai fitowarsa ba.

"Don Allah tashi, Inna. Na yafe."

Mati ya matso ya ce, "Duniya da lahira?"

"Duniya da lahira."

Mati ya juya wajen dattawa ya ce, "Kun dai ji." Aka shafa. Kafin magariba sun taho da ɗan sanda ya ji daga bakin mai ciwo, ya kuma tabbatar masa ba shi da ƙara. Aƙilu a gidansa ya kwana.

Na ce wa Rahab, ke kina ina? Ta ce tana tsaye, amma wace ce ita da za ta buɗe baki a gaban mai unguwa da mai bishara? Gaskiyarta. Ni ma a lokacin haushin sakin Aƙilu kawai nake ji, ban san asarar ta fi haka ba.

Malam Mudi, akawun kamfani, ya iso da gwangwanin madara da sukari da sabulu. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa yi mini ba daidai ba. Ya gaida mai jiki, ya yi addu'a, sa'an nan ya ja ni ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar asibitin.

"Sulemanu, kun yi gaggawa," ya ce.

"Gaggawar me, Malam? Ina motar?"

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ya ce doka ta ɗora wa kamfani diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, kamfani kuma bai ƙi ba. Har tanadi na musamman suke da shi da masu inshora don wanda aka kai wa hari a wurin aiki, a ɗauke shi nan take a yi masa magani kafin a zo maganar diyya. Sai dai masu inshora ba sa motsi sai 'yan sanda sun shaida cewa laifi ne aka aikata wa ma'aikaci yana kan aikinsa, kuma maganar tana gaban alƙali. Yanzu ya je caji ofis an ce masa babu ƙara, maƙwabta ne suka saɓa suka kuma shirya.

"A wurinsu faɗan gida ne," ya ce. "Faɗan gida kuwa ba ruwan inshora da shi."

"A gindin sikelinku aka sare shi, Malam Mudi. Saran malaminku ya tare. Jininsa yana jikin buhunanku, ni na kai su Funtua."

"Na sani. Ni ma ina da ido." Ya rage murya. "Hanya ɗaya ce. Ya koma ya ce matsa masa aka yi, ba da son ransa ya yafe ba. A sake kama mutumin. In aka yi haka da safe, wallahi kafin la'asar yana Zariya."

Ban yarda ba sai da manaja ya dawo na gan shi da idona. Ya karɓe ni a tsaye. Ya ce su masu bin doka ne, kuma duk abin da doka ta ce sun yi. Sun sanar da inda ya kamata, sun aika a gaida shi, sun ma biya shi ladan ranar cikakke ko da yake bai ƙarasa aikin yinin ba. Wannan ta ƙarshe ita ta tsaya mini a wuya. Na ce, ranka ya daɗe, a gafarce shi da bai ƙarasa ba, uzuri ne ya taso masa. Bai gane zagi ba ne, ko kuma ya gane ya ga ban isa ba. Ya ce in kamfani ya buɗe aljihunsa ba bisa ƙa'ida ba, gobe kowa ya yi faɗa da maƙwabcinsa sai ya kawo musu.

Saura Habila. Na zauna bakin gadonsa na zayyana masa komai. Rahab ta yi kuka, ta yi faɗa, ta lissafa masa 'ya'yansa da sunayensu. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To." Ni da na san wannan "to" tun muna yara, sai ga shi na yarda da ita, don ina so in yarda.

Da safe na roƙi izini na ɗauko shi a mota zuwa caji ofis. Yatsunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Na tsaya a bakin ƙofa, na kashe mota, na zagayo na buɗe masa. Bai motsa ba.

"Sauko mana, bawana."

"Me zan ce musu?"

"Abin da Malam Mudi ya ce. Matsa maka aka yi."

"Wa ya matsa mini?"

"Mati. Dattawa. Tsohuwar nan."

"Ba wanda ya matsa mini, Sulemanu. Ƙafata ta riƙe, na ji kunya, na faɗa. Da bakina na faɗa."

"To ka faɗi wata da bakin naka. Hannunka ne fa, Habila. Da shi kake ci."

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Na ga yana so ya sauka, wallahi yana so. Sai ya ce, "In na shiga nan, Mati za a kira. Za a ce ya tilasta wa mara lafiya. Mai bishara za a kira ya yi shaida, ko ya ƙaryata ni ko ya yi ƙarya. Mu gida nawa ne a garin nan? Gobe in Kirista ya ce na yafe, sai a ce a jira tukuna, haka Habila ya ce. Judith a garin nan za ta yi aure."

Na zage shi. Ban bar komai ba, har da abin da taubashi bai kamata ya faɗa ba. Na ce masa wawa, na ce masa mai kunyar banza, na ce Aƙilu yana can yana shan fura da hannu biyu. Ya bari na gama, ya ce in mayar da shi asibiti, rana tana dukan ciwon.

Daga nan sai muka koma neman hanyar kanmu. Ba wanda ke ajiye abin da zai isa tiyata a ɗaka. Sai an sayar da sa, sai an buɗe rumbu, sai coci ta yi taro, sai ranar kasuwa ta zagayo, kuma mai saye in ya ga kana cikin matsi ba ya sauri. Ana cikin wannan jira wani kawunsa ya ce zaman me ake yi, ga maɗori a Danja wanda ya ɗora ƙafar da mota ta taka. Likita ya hana, amma dangi suka fi ƙarfinsa, ni kuma ina hanya. Maɗorin ya ja hannun, ya jera kara, ya ɗaure tam. Ban ga laifinsa sosai ba, karaya ya sani, wannan kuwa ba karaya ba ce kawai. Da na dawo, tun daga zaure na ji warin. Rahab tana zaune a ƙofar ɗaki tana korar ƙuda da mafici, ba ta ko ɗago kai ba.

Ranar muka tafi Zariya da abin da ya samu. Likitan can ya kwance ƙyallen, ya duba, ya mayar ya rufe. Ya tambaya yaushe abin ya faru, na gaya masa. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce yanzu ba maganar hannu ake yi ba, maganar rai ce. Suka yanke daga saman gwiwar hannu. Da aka gama wani ma'aikaci ya miƙo mini shi a naɗe ya ce dangi ke binnewa. Na sa shi bayan kujerar mota na kawo gida, na haƙa rami a bayan ɗakin Gwaggo na rufe. Ya fi yadda na zata nauyi.

Rani na zagayowa ya je gindin sikeli, don bai san wani wurin ba. Aka ce masa cikin ladabi aikin na mai hannu biyu ne. Malam Mudi ya yi ƙoƙarin samo masa gadin rana, aka ce mai gadi ma sai ya iya riƙe sanda da ƙofa. Bayan 'yan shekaru gwamnati ta cire hannunta daga cinikin auduga, kamfanin ya watse, ba a ma san wanda za a tambaya ba.

Rahab ce ta ɗauki garma. Judith ta bar makaranta ta bi ta gona. Shi kuma yana bin su da ƙwaryar iri a rataye a wuya, yana zubawa da hagu, yana rufewa da ƙafa. Ya koyi saƙa igiya da haƙori da yatsun ƙafa, ya koyi kiwon awaki. Abin da bai koya ba shi ne cin abinci cikin mutane. Mutumin da ba ya iya cin tuwo sai an kewaye akushi, ya koma ci shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya, don ba zai sa hagu a kwanon da wasu ke ci ba. Na sha zuwa in zauna in ce ni ban damu ba, in ma sa tawa hagun don in ba shi dariya. Sai ya ce ya ƙoshi.

Yabo kam ya sha shi. A coci ana wa'azi da sunansa, a masallacinmu ma liman ya taɓa kawo shi misali. In baƙo ya zo garin sai a nuna masa shi daga nesa. Aƙilu ya kira gayya a gonar Habila daminar farko, ya yi aiki har duhun magariba, ban hana shi wannan ba. Damina ta gaba ya aiko 'ya'yansa. Daga nan shiru. Ba kuma wanda ya ga laifinsa, ai an yafe masa duniya da lahira, ba a binsa komai. Audugarsa ta yi kyau shekaru a jere, ya sayi shanun huɗa, ya yi rufin kwano.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka yi suna a gidan Mati, duk gari ya hallara. Muna zaune a tabarma ni da Habila sai ga Aƙilu yana bin sahu yana gaisawa. Da ya iso kanmu ya ba ni hannu, ya miƙa wa Habila, don sabo. Hannun ya tsaya a iska. Habila ya dube shi, sa'an nan ya juyo da kafaɗarsa ta dama, ya miƙa masa hannun rigar da ba komai a ciki. Aƙilu ya rasa yadda zai yi, ya kama ƙyallen ya ɗan girgiza, ya wuce da sauri. Mutane suka ce ka ga mai haƙuri, har yanzu yana gaisawa da shi.

A hanyar gida na ce masa, "Rahab ta ce ka daina karɓar jibi, gurasar nan da ake raba muku a coci. Wai kunyar miƙa hagu kake ji. Bawana, Allahn naku bai san hagu ba ne?"

Bai yi dariya ba. Muka yi tafiya kaɗan tsakanin karan dawa, sai ya tsaya.

"Ba hagu ba ce. An ce kada mutum ya matso teburin da ƙullin ɗan'uwansa a zuciya." Ya dubi bayansa ko akwai mai zuwa. "Sulemanu, ban yafe ba."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Ko rana ɗaya ban yafe ba. Na ɗauka in baki ya faɗa, zuciya za ta biyo baya. Na ba da hannu ina jiranta. Kullum da safe in na tashi ɗaura wando sai na tsine masa. In na ga hayaƙin gidansa sai in ji kamar in sa wuta." Ya share fuska da kafaɗa. "Kada ka gaya wa Rahab. Ita tana ganin ko ba komai mun samu lada."

Ban gaya mata ba. Bai daɗe ba bayan wannan, ciwon ƙirji ya kwantar da shi da damina, ya rasu kafin a yanke dawa. Cocin ta cika har waje, Musulmi a tsaitsaye a bakin taga, Aƙilu a cikinsu da sabuwar riga yana share hawaye. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo a kan mutumin da ya yafe wa wanda ya sare shi tun jini bai bushe ba, ya ce Habila ya tafi da zuciya fara. Rahab tana gyaɗa kai, Judith tana riƙe da ita. Da ya gama sai ya dubo inda nake ya ce ko akwai wani daga dangin uwa da ke da abin faɗa.

Na ce babu.